Kasuwa Ma Makaranta Ce: Darasin Cefane da Cin Abinci a Kajiji



Akwai wani darasi wanda ba a rubuta shi a jadawalin makaranta ba, ba a kuwa yin jarrabawarsa a ƙarshen zango, amma wanda ya faɗi a cikinsa, gidansu duka ne ke biyan tara. Wannan darasi shi ne cefane. Ni dai na taɓa faɗuwa a cikinsa, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na koya, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irin kunyar da na sha.

Ga yadda abin ya faru. Wata ranar kasuwa muna hutu, Baba ya tashi da zazzaɓi. Ya kira ni ya ƙirgo kuɗi ya ce, "Ungo, je ka auno mana gero tiya goma, ka haɗo kayan miya. Abin da ya saura ka ci abinci." Na karɓa ina ta murna, ina cewa a raina wanda ya iya lissafin aji huɗu ai cefane ba zai gagare shi ba. Ina isa bakin kasuwa na tsaya wurin mutum na farko da na gani da gero. Ya faɗi kuɗi, ban taya ba, don ina ganin tayi ƙauyanci ne. Ya auna yana ja na da hira, ni kuwa idona yana kan hayaƙin mai tsire. Na sayi tattasai da albasa a gaggauce, na ci tsiren da ya huce, na kora da wani ruwa mai sanyi wanda ban san inda aka ɗebo shi ba.

Da na komo gida Inna ta ɗauko tiyarta ta sake awo a gaban kowa. Tiya goma ta koma tara. Kakata tana zaune a tabarma, ta dube ni ta ce, "Kai maigida, da wannan cefane za ka riƙe ni? Ashe lissafin naku a allo ya tsaya?" Aka yi ta dariya. Da dare kuwa ciki ya murɗa, na kwana zirga-zirga, kuɗin magani ya fi kuɗin tsiren. Tun daga ran nan na ɗaura niyyar bin Baba kasuwa ina kallo ina tambaya. Abin da ke biye shi ne abin da na tsinta.

Inda Kajiji Take

Kajiji tana cikin Ƙaramar Hukumar Shagari a Jihar Sakkwato. Wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega, in ya wuce Bodinga ya wuce Shagari, zai iso garin. Ƙasar nan kuwa ba baƙuwar tarihi ba ce. A Sifawa, kusa da Bodinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Garin Shagari shi ne mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.

Abu biyu ne ke rayar da kasuwar ƙaramin gari irin namu. Na ɗaya, ƙauyuka da rugagen da ke kewaye da shi, masu kawo gero, dawa, wake, gyaɗa, albasa, nono da bisashe. Na biyu, hanyar mota, wadda ke kawo kayan birni kamar su sabulu, gishiri, sukari, atamfa da takalma, ta kuma kwashi kayan gona ta yi gaba da su. Watau kasuwa mahaɗa ce. Manomi ya zo ya mai da hatsinsa kuɗi, ya kuma mai da kuɗin gishiri da kananzir kafin ya koma gida.

A birni kullum kasuwa tana ci. A ƙasar karkara kuwa kowace kasuwa da ranarta a mako, don 'yan kasuwa su sami zagayawa, yau nan gobe can. Saboda haka wanda ya yi kuskuren cefane ranar kasuwa, ko dai ya haƙura har mako ya zagayo, ko ya sayi ɗan kaɗan-kaɗan a teburin unguwa da tsada. Wannan ne ya sa ranar kasuwa ta zama babbar rana ga kowane magidanci.

Yadda Kasuwa Take Tsare

Baƙo in ya shigo sai ya ga hayaniya ce kurum. Amma ɗan gari ya san kowane kaya da layinsa. Ga 'yan hatsi da buhunansu, ga 'yan gwari masu tumatir da tattasai da albasa, ga 'yan koli masu allura da zare da madubi da turare, ga 'yan tireda, ga 'yan gwanjo. Maƙera suna nasu gefen da fartanya da lauje, masu tukwane da masu tabarmi suna nasu. Mahauta, waɗanda mu a nan muke ce wa rundawa, suna da rumfunansu. Can daga waje kuma sai kara, inda ake cinikin shanu da tumaki da jar akuyar nan ta Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai.

Wannan tsari yana da amfani ga mai saye. Tun da masu kaya iri ɗaya suna jere wuri guda, taku kaɗan ya isa ka ji farashin mutum uku ko huɗu. To, ga ƙa'ida ta farko: kada ka sayi kome a zagayen farko. Shiga ka kewaya, ka tambaya, ka saurari yadda wasu ke tayawa, sa'an nan ka komo. Wanda ya tare bakin kasuwa sau da yawa shi ma daga ciki ya saro, ya ɗora ribarsa yana jiran mai gaggawa irina.

Haka kuma kasuwa tana da shugabanni. Akwai sarkin kasuwa, akwai sarkin fawa, kowane layi kuma da dattijonsa. In rigima ta taso a kan awo ko canji, ba a tsaya ana cacar baki ba, wurinsu ake kai ƙara.

Abin da ke Kawo Tsada da Araha

Sau da yawa mukan ji mutane suna cewa, "Yau kasuwa ta yi wuta," sai ka ce daga sama farashi ke faɗowa. Alhali kuwa yana da dalilansa, wanda ya san su ya san lokacin saye.

Dalili na farko shi ne lokaci. Da kaka, sa'ad da aka yanke gero aka girbe dawa, kowane manomi yana son kuɗi: ga bashin taki, ga aure, ga ɗinkin yara. Hatsi ya cika kasuwa, masu sayarwa sun fi masu saye, sai farashi ya faɗi. Da tsakiyar damina kuwa rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, sai abin ya juya. Abin tausayi, manomin da ya sayar da araha da kaka shi ne kan dawo ya sayi geron nan da tsada a watan Yuli ko Agusta. Kayan gwari su ma haka suke. Tumatir da albasa suna araha da rani lokacin da kayan fadama suka fito, su yi tsada bayan ruwa ya sauka. Rago yana tashi gab da Babbar Salla, sukari da dabino kuwa da azumi.

Dalili na biyu shi ne kuɗin mota. Duk abin da aka ɗauko daga nesa, mai saye ne ke biyan man da aka ƙona. Mun ga wannan da idonmu a 2023. Ranar 29 ga Mayu aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu, nan da nan sabulu da gishiri da taliya suka bi shi. Abin lura a nan shi ne, kayan da ƙasarmu ke nomawa a kasuwar ƙauye suka fi sauƙi, kayan kamfani kuwa a birni. Wanda ya tafi Sakkwato ya sayo gero, ko ya zo Kajiji neman agogo mai araha, ya yi aikin baban giwa.

Dalili na uku shi ne yawan hannuwa. Manomi ya sayar wa ɗan sari, ɗan sari ya sayar wa mai awo, mai awo ya sayar maka, kowa da ribarsa. A kara kuma ga dillali da la'adarsa. Ba laifi ba ne, kowa guminsa yake ci. Amma in gida yana da hali, gara a haɗa kuɗi a sayi buhu da kaka, ko maƙwabta biyu su haɗa su raba, da a riƙa awon tiya ɗaya-ɗaya har shekara ta zagayo.

Awo

Nan ne na faɗi, saboda haka bari in ɗan daɗe a kansa. Galibin hatsi a kasuwanninmu ba da sikeli ake sayar da shi ba, da tiya ne, wadda wasu ke kira kwano ko mudu. To, tiya suna ta tara. Wata an bubbuge gindinta ya shigo ciki, wata an rage bakinta, wata kuma tun asali ƙarama ce. Ban da wannan akwai yadda ake cikawa. Wani ya cika ta yi tozo har tana zuba, wani ya shafe, wani ya tare da hannu, wani kuma ya karkata ta ya juye da sauri kafin ka ƙifta ido.

Kada wani ya ce ai ɗan kaɗan ne. Bari mu yi lissafi irin na aji. A ce gida yana auna tiya 10 kowane mako, a ce kuma kowane awo ana tauye masa tiya 1. A shekara akwai mako 52, watau an yi hasarar tiya 52 ke nan. Babban buhu kuwa tiya 40 yake ɗauka ko kusa da haka. Ashe gidan ya yi hasarar fiye da buhu guda a shekara ba tare da ɓarawo ya haura katanga ba. In muka ƙaddara tiya naira 1,500 ce, kuɗin ya kama naira 78,000. Ku duba littattafai nawa wannan kuɗi zai saya.

Maganin abin mai sauƙi ne. Ka je da tiyar gidanku, ko ka ɗauki ta mai awo ka juya gindinta ka duba kafin a fara. Ka tsuguna kusa, ka riƙa ƙirga da ƙarfi tare da shi. Kada ka yarda a ja ka da hira sai an gama. In ka sami mai awo na gaskiya, to, ka riƙe shi ya zama abokin cinikinka, domin suna nan da yawa, su ne ma suka fi yawa.

Mu kuma da iyayenmu ke awo, ko muke taya su zaman rumfa, mu tuna tauye mudu ba ƙaramin zunubi ba ne. Sura guda a cikin Alƙur'ani, watau Suratul Muɗaffifina, da gargaɗin masu wannan hali ta fara. A zamanin Daular Sakkwato har jami'i ake naɗawa, ana ce masa muhtasibi, cikin aikinsa har da duba ma'auni a kasuwa. Darasin awo na mai saye ne, na mai sayarwa ne.

Tayi da Ciniki

Wasunmu 'yan makaranta suna jin kunyar tayi, wasu kuma in sun tashi tayawa sai su yi tayin wulaƙanci. Duka biyu kuskure ne. Ciniki yana da ladabinsa. Ku saurari yadda na ji Baba ya yi da wani dattijo mai albasa:

"Salamu alaikum. Baba, an wuni lafiya? Ina kasuwa?"

"Alhamdu lillahi. Sannu da zuwa, Malam."

"Wannan kashin nawa?"

"Dubu ɗaya."

"A rage mana dai, Baba. Ɗari bakwai."

"Albarka."

"To, ɗari takwas, in ɗauki kashi biyu."

"Kawo kuɗi. Allah ya sa albarka."

"Amin. A yi mana gyara."

Dattijo ya yi murmushi ya ƙara ƙwaya uku. Ku lura da abu huɗu a nan. Da gaisuwa aka fara, ba da tambayar kuɗi ba. Tayin bai yi nisa da gaskiya ba, domin Baba ya riga ya zagaya ya san yadda albasa take a ranar. Da aka ce "albarka" ba a yi fushi ba, don ma'anarta kurum kuɗin bai kai ba. Sa'an nan an nemi rangwame ta hanyar ƙara yawan abin da za a saya, wanda ya amfani kowa.

Akwai kuma abubuwan da ba a yi. Ba a shiga cinikin wani sai ya bari. In ka taya aka sallama maka, ka saya, kada ka juya ka tafi, wannan zubar da mutunci ne. Kada ka kushe kayan mutum don ya rage maka. Kada kuma ka matsa wa tsohuwar da ta taho da ƙafa daga nesa da 'yar kukarta da kuɓewarta a kan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali ka biya mai kanti abin da ya faɗa ba musu. Wayo daban, zalunci daban.

Duba Kaya

Hausawa sun ce araha ba ta ado, sun kuma ce sayen nagari mai da kuɗi gida. In za ka sayi hatsi, tura hannu can cikin buhu, kada ka tsaya ga na sama. Duba tsakuwa da ƙaiƙayi da ƙwari. Gero ko dawa mai danshi nauyin banza ne, kuma yana saurin ruɓewa. Gyaɗar da ta yi funfuna a guje ta ko da kyauta ce, gubar da ke cikinta tana lalata hanta.

Wake kuwa a sansana shi. Wasu masu ajiya suna zuba masa maganin ƙwari fiye da kima. Wannan matsala ba ƙarama ba ce: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Abin da baƙi suka ƙi ci don tsoron lafiyarsu, bai kamata mu ci shi da ido rufe ba. Waken da ke warin magani a bar shi.

Kayan gwangwani da na leda, kamar madara da tumatirin gwangwani, a duba ranar da za su lalace, a duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa ba abin saye ba ne. Nan ne karatunmu zai yi rana, domin iyayenmu da yawa ba sa karanta rubutun boko, mu ne idonsu. Magani kuma da aka baza a rana a kan tabarma, a bar shi a je kantin magani ko asibiti.

Kuɗi, Jiya da Yau

Kakannin kakanninmu da wuri suka yi ciniki. Turawa suka kawo fam da sule da sisi da taro da kwabo. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka fito da naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule kuma kwabo goma. Har yanzu in ka saurari tsofaffi za ka ji suna lissafi da fam.

Yau kuma ga wani sabon salo, watau tura kuɗi ta waya da cirewa wurin masu POS. Kowa ya tuna farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Takardar kuɗi ta yi wuyar gani, masu kaya a ƙauye da yawa ba su da asusun banki, mai saye ga kuɗi a waya amma ba halin biya, mai akuya ya koma da akuyarsa gida. Darasin da muka koya shi ne, mai zuwa kasuwar ƙauye ya tanadi tsabar kuɗi da ƙananan canji tun daga gida. Ya raba su aljihu biyu, kada ya zaro damin kuɗi a cikin taro. Ya ƙirga canji a gaban mai kaya kafin ya ɗaga ƙafa. In ta waya za a biya ka, kada ka saki kaya sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka, don akwai saƙon ƙarya. Lambar sirrin katinka kuwa, ko mai POS bai kamata ya ji ta ba.

Cin Abinci a Kasuwa

Wanda ya wuni a kasuwa dole ya ci, kuma gaskiya abincin kasuwa yana da daɗinsa. Da safe ga mai shayi da burodi da ƙwai, ga ƙosai da kunu, ga masa tana fitowa daga tanda. Da rana ga shinkafa da wake da mai da yaji, ga tuwo da miyar kuka, ga ɗanwake, ga awara, ga hoce da ƙuli, ga kwaɗon zogale. A gindin itace ga matan Fulani da ƙoransu na nono, ana dama hura, kamar yadda muke faɗa a nan. Da la'asar kuwa ƙanshin tsire da balangu ya game ko'ina, direbobi da fasinjoji su sauko su cika benci. Da wannan sana'a mata da yawa ke ciyar da marayu, suke biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Saboda haka ba cewa nake a daina ci ba, cewa nake a ci da lura.

Ga abin da ya kamata a duba. Na ɗaya, zafi. Abincin da aka sauke daga wuta a gabanka, kamar ƙosai da masa, ya fi kowane aminci, domin zafi yana kashe ƙwayoyin cuta. Tsiren da ya huce, ka ce a mayar maka da shi wuta ya yi zafi har ciki. Shinkafar da aka dafa tun safe ta wuni a rana, a yi hattara da ita. Na biyu, murfi. Ƙudan da ya sauka a kan abinci ba a san inda ya baro ba. Na uku, ruwan wanke kwano. Ka leƙa bayan mai abinci ka gani: in ruwa ɗaya ne tun safe har ya yi kauri, ka yi gaba. Na huɗu, hannunka. Ka wuni kana taɓa kuɗi da bisashe kana gaisawa da jama'a, ka wanke shi da sabulu, ba tsoma shi cikin kwanon da mutum goma suka tsoma ba. Na biyar, inda jama'ar gari suka yi layi, nan za ka ci. Abincin can ba ya kwana, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Amma babban abin tsoro shi ne ruwa. Sau da yawa ba hurar ce ke kawo ciwo ba, ruwan da aka dama ta da shi ne, ko ƙanƙarar da aka jefa a ciki. Haka zoɓo da kunun zaƙi na ƙulli. Gara mutum ya taho da gorar ruwansa daga gida, ko ya sayi na leda mai lamba. Kada mu ɗauki wannan wasa. A 2021 cutar amai da gudawa, watau kwalara, ta bazu a Nijeriya, aka ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Sakkwato kuwa tana cikin inda abin ya taɓa. Ta gurɓataccen ruwa da abinci cutar take yaɗuwa, kuma ta fi ƙarfi da damina.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, gudawa ta kama wani, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a motsa a riƙa ba shi yana kurɓa, a kuma garzaya da shi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba. Kowane ɗalibi ya kamata ya haddace wannan kamar yadda ya haddace sunansa.

Wani abu kuma, kuɗin abinci a ware shi tun daga gida. Cefane tukuna, ciki daga baya. Wanda ya fara da rumfar mai tsire, da wuya kuɗin daddawa ya kai.

Kira ga Iyaye da Ɗalibai

Iyayenmu, muna roƙonku ku riƙa tafiya da mu kasuwa lokacin hutu, ku nuna mana abin da kuka sani. Kada ku ce yaro ɗan boko ne a bar shi da littafinsa. Wata rana ku ne za ku kwanta, mu ne za a aika. In mun yi kuskure a sake awo a gabanmu kamar yadda Inna ta yi mini, kunyar rana ɗaya ta fi hasarar shekara.

Mu kuma ɗalibai, mu daina ganin cefane aikin marasa karatu ne. Lissafi da kimiyyar lafiya da labarin ƙasa da ilmin addini da muke koyo a aji, duka suna nan a shimfiɗe a kasuwa. Kuɗin da aka damƙa maka gumin mahaifinka ne na wata da watanni a gona, amana ce a hannunka har ka sauke kaya a tsakar gida ka ba da lissafi.

Ga ɗan aikin da nake ba mu shawara mu yi a hutun nan. Kowa ya sami ƙaramin littafi, duk ranar kasuwar garinsu ya rubuta kuɗin tiyar gero, da ta wake, da kashin albasa, da kwalbar man gyaɗa. In mun dawo mu gwada na Kajiji da na Bodinga da na Tambuwal da na sauran garuruwanmu, mu ga inda aka bambanta, mu nemi dalili. Ni na fara nawa. Makon jiya ma ni na yi cefanen gidanmu, Inna ta auna, tiya goma ta cika har da gyara. Kakata ta ce to, yanzu ta yarda ta zauna.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya ba mu lafiya da abin cefane, amin.